Ina Ne Iyakar Wayar Hannu?

Bayan kaka, sa'ad da aka sayar da masara a Doguwa da shinkafa a Tudun Wada, akwai wata muhawara da takan tashi a gidajenmu da yawa. Samari sukan ce wayar gidan ta tsufa, sai a tafi Kano kasuwar Farm Centre a sayo sabuwa wadda aka rubuta 5G a jikin kwalinta, wai ita ce za ta raba mu da wahalar sabis. Iyaye kuwa sukan dubi buhunan da za su tafi a kan wannan ciniki, su tambaya ko ita ma sabuwar ba za ta tsufa baɗi ba. Tambayar iyayen tana da nauyi, ta kuwa isa a ba ta amsa ta gaskiya. Wannan abu da yake sake kama kowace shekara, yana da wurin tsayawa? In yana da shi, ina ne?

'Yan'uwa masu karatu, iyakar iri biyu ce. Akwai wadda take cikin halittar abubuwa, ba kuwa maƙerin da zai iya ƙetare ta. Akwai kuma wadda take hannun mutane, watau wutar lantarki, da man dizal, da igiya, da kuɗi, da zaman lafiya. Mu mazauna Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ta biyun ce ta fi damunmu, sabuwar waya kuwa ba ta maganinta.

Tafiyar da aka yi

A shekara ta 1973 wani injiniya mai suna Martin Cooper, na kamfanin Motorola, ya yi kira na farko da wayar hannu a birnin New York na Amurka. Wayar nan ta fi kilo ɗaya nauyi, ana cajinta awa 10 domin a yi magana ta wajen minti 30. A ƙasarmu kuwa, kafin 2001 layukan tarho na NITEL gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu a manyan birane. Wanda ɗansa yake Legas ko Jos, sai dai ya rubuta wasiƙa, ko ya fita bakin titi ya ba direban mota saƙo.

A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisi, kowanne a kan dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar MTN da Econet suka fara aiki. Econet ɗin nan ita ce ta yi ta sake suna har ta zama Airtel a 2010. A farko layi ɗaya yakan kai naira 20,000 ko fiye, kiran minti ɗaya kuma naira 50. Glo ta shigo a 2003 da lissafi bisa daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Yau layukan da suke aiki a Nijeriya sun haura miliyan 150.

Sabis ɗin ma ya yi ta hawa mataki-mataki. Na 2G ya kawo magana da rubutaccen saƙo, 3G ya kawo intanet, 4G ya sa kallon bidiyo ya yi sauƙi, ga shi yanzu ana zancen 5G. Wanda ya ga irin wannan gudu cikin shekara ashirin da 'yan kai, ba laifi in ya zaci ba shi da ƙarshe. Amma kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Iyakar da ke cikin wayar kanta

Ƙwaƙwalwar waya wani ɗan falle ne da bai fi farcen yatsa girma ba. A cikinsa akwai ƙananan makunnai da ake kira taransista, suna kunnawa suna kashewa, da haka waya take yin lissafinta. A 1971 fallen farko da kamfanin Intel ya sayar yana da makunnai 2,300. A 2023 kamfanin Apple ya fitar da waya wadda fallenta yake da biliyan 19. Dabarar ita ce a riƙa ƙanƙanta makunnin domin a cusa da yawa a wuri ɗaya. Tun 1965 wani masani mai suna Gordon Moore ya lura cewa yawansu yana ninkawa a kai a kai, daga baya ya ce duk shekara biyu.

To, ƙanƙantawa tana da ƙarshe. Yau wasu sassan makunnin ba su kai nanomita 10 ba, nanomita ɗaya kuwa shi ne a raba milimita ɗaya gida miliyan. A wannan ƙanƙanta, kaurin bangon da ke tsare wuta bai wuce 'yan ƙwayoyin zarra ba, sai wutar ta fara yoyo. Masu ƙira suna neman dabaru, kamar ɗora falle bisa falle yadda ake gina bene, amma kowane sabon mataki yana ƙara tsada, amfaninsa kuma bai kai na matakan baya ba. Shi ya sa wayar bana da ta shekara uku da suka wuce ba su da bambanci mai yawa wajen aikin yau da kullum.

Na biyu, zafi. Duk lissafin da waya ta yi yana haifar da zafi, ita kuwa ba ta da fanka. Masu ƙera waya da yawa suna gargaɗi kada a yi aiki da ita inda zafi ya wuce digiri 35. A watan Maris da Afrilu mu a nan mukan ga 40. In ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta domin kada ta lalace, kome tsadarta.

Na uku, batir. Irin batirin da muke amfani da shi, mai sinadarin litiyom, kamfanin Sony ne ya fara sayar da shi a 1991. Makunnai sun ninka sau dubbai tun daga lokacin, amma ƙarfin batir kaɗan-kaɗan yake ƙaruwa, gama wutar da za a iya ajiyewa cikin ɗan sinadari tana da ma'auni, in an matsa masa sai ya kumbura ko ya kama wuta. Bayan caji wajen 500, batir da yawa sukan rasa kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsu.

Akwai kuma jikin mutum. Hannu bai ƙara faɗi ba, aljihu bai ƙara zurfi ba, ido kuma yana da iyakar abin da yake rarrabewa. Gilashin wayoyin yanzu ya riga ya kai kyan da ido ba ya ganin ƙari a kansa. Saboda haka wayoyin da za su zo za su ƙara wayo wajen fassara harshe da gyara hoto da makamantansu, amma kada mu sa rai za a sake irin tsallen da aka yi daga ƙaramar waya mai maɓallai zuwa babbar waya.

Iyakar da ke cikin iska

Waya rediyo ce mai karɓa tana kuma aikawa. Ba ta magana kai tsaye da wayar ɗan'uwanka, sai da ƙarfen sabis mafi kusa, shi ne yake miƙa saƙon gaba. Hanyar da ke tsakanin waya da ƙarfen tana da faɗi ƙayyadadde. A 1948 wani masanin lissafi, Claude Shannon, ya nuna cewa kowace hanyar aika saƙo tana da iyakar abin da za ta ɗauka a daƙiƙa ɗaya, bisa ga faɗinta da ƙarfin muryar da hayaniyar da ke kewaye. Har yau ba wanda ya karya wannan ƙa'ida.

Mu da muke maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, abin ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Babbar magudanar da take kai ruwa gonakin noman rani na wajen Kadawa da Kura tana da iyakar abin da take ɗauka. In manoma duka suka buɗe ruwa lokaci ɗaya, na ƙarshen layi sai ya ga ɗigo. Haka ƙarfen sabis yake. Wannan ne dalilin da ya sa ranar kasuwa za ka ga sandunan sabis cike a fuskar waya, amma tiransifa ta ƙi tafiya. Mutane dubu suna ɗiba daga magudana ɗaya.

Domin a sami hanya mai faɗi, sai injiniyoyi su hau zango na sama. A nan ne wata matsalar take. Ƙarar tambari takan kai ƙauye na gaba, ta sarewa kuwa ba ta wuce unguwa. Sabis na 2G yana aiki a zangon megahaz 900, yana tafiya nesa, har an tsara shi ya iya kai kilomita 35 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ko da yake a aikace ba safai yake kai haka ba. Na 5G da aka yi gwanjonsa a watan Disamba na 2021, wanda MTN da Mafab suka saya a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, yana zangon megahaz 3,500. Yana ɗaukar kaya da yawa, amma tafiyarsa gajera ce, bango da ganyen itace kuma suna rage masa ƙarfi. Don haka yana bukatar ƙarafa kusa da juna. A 2022 MTN ta fara shi a birane 7, har da Kano, Airtel ta biyo baya a 2023. Birane aka fara da su domin a can ne ƙarfe ɗaya yake samun masu biya da yawa.

Yanzu mu dubi ƙasarmu. Wanda ya bar titin Zariya a Kwanar Dangora ya nufi kudu, zai wuce Tudun Wada ya shiga dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000. A gaba kuma ga duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, irin ƙarfen da ake narkarwa a liƙe sassan cikin waya da shi. Igiyar rediyo ta waya ba ta huda dutse. Ƙauyen da yake bayan tsauni ko cikin kwari zai iya rasa sabis ko da ƙarfen bai yi nisa ba, shi ya sa a wurare da dama kowa ya san tudun da ake hawa ko itacen da ake tsayawa gindinsa in za a yi kira. Ana sa ran 6G wajen 2030, amma shi ma wannan doka zai tarar. Dutse ba zai matsa masa ba.

Iyakar da ke hannun mutane

Ƙarfen sabis yana cin wuta dare da rana. Tun da yake wutar gwamnati ba ta tsayawa, yawancin ƙarafan ƙasar nan da janareta suke aiki, suna shan miliyoyin litocin dizal kowane wata, wasu kuma an haɗa musu sola da manyan batura. In motar mai ba ta iso ba saboda hanya ta lalace da damina, ko ɓarayi suka kwashe baturan, gari guda sai ya wayi gari shiru. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da manyan layukan wuta da suke kawo lantarki Arewa suka sami matsala, jihohi da dama har da Kano sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu cajin waya da janareta ne suka riƙe jama'a a lokacin.

Bayan wuta sai igiya. Ƙarafa da yawa suna haɗe da juna ta igiyar gilashi mai suna faiba, wadda ake binnewa a gefen titi. Motar aikin hanya ɗaya in ta tsinke ta, ƙananan hukumomi da dama sukan ji a jikinsu. Igiyar ba ta tsaya a Legas ba, ta bi ƙarƙashin teku har Turai. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyi huɗu sun yanke a tekun Afirka ta Yamma, intanet da aikin bankuna suka rikice a Nijeriya da Gana da wasu ƙasashe. Mai sayar da hatsi a Kiru bai taɓa ganin teku ba, amma abin da ya faru a can yana iya tsayar da cinikinsa. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin jerin kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, ta kuma amince da shirin shimfiɗa ƙarin faiba mai tsawon kilomita 90,000. Shirin yana da kyau, sai dai amfaninsa gare mu ya dogara ga ko igiyar za ta ratso ƙauyuka ko za ta tsaya a manyan tituna.

Sai kuɗi. Kamfani ɗan kasuwa ne, yakan lissafa yawan mutanen wuri da abin da za su iya saye kafin ya kafa ƙarfe. Kayan aikin da dala ake sayo su, dizal kuma ya yi tsada. A watan Janairu na 2025 NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, karo na farko cikin fiye da shekara goma. Ga iyalin da suke auna kuɗin kati da mudun hatsi, wannan ma iyaka ce.

Na ƙarshe, zaman lafiya. A watan Satumba na 2021 hukuma ta rufe sabis a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, aka bi da wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni suka shuɗe mutane suna shiga mota zuwa wani gari domin kira ɗaya tak. Mai wayar dubu ɗari biyar da mai ta dubu goma duk ɗaya suka zama. Farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi, mun ga yadda jama'a suka koma tiransifa gaba ɗaya, hanyar ta cushe, kuɗi ya fita daga asusu bai isa wurin mai kaya ba, aka yi ta jayayya a gaban masu POS.

To, tauraron ɗan Adam fa?

Wasu suna cewa tauraron ɗan Adam zai kawar da wannan duka, tun da shi ba ruwansa da dutse ko daji. Akwai gaskiya a ciki. Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa suna yawo wajen kilomita 550 daga ƙasa, ba kamar na talabijin da suke kilomita 36,000 ba, don haka saƙo ba ya jinkiri sosai. Tun 2022 kuma akwai wayoyi masu tsada da suke iya aika gajeren saƙon neman taimako ta tauraro a wasu ƙasashe. Amma kuɗin na'urar ya kai ɗaruruwan dubban naira, ga biyan wata-wata, ga bukatar wuta, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana rage masa aiki. Ƙa'idar Shannon ma tana binsa har sama, gama tauraro ɗaya yana raba hanyarsa ga yanki mai faɗi, in masu ɗiba suka yi yawa sai ya cushe. Zai yi amfani ƙwarai ga asibiti ko makarantar da take nesa, inda mutane da yawa za su haɗa kuɗi. Ba zai maye gurbin ƙarfen sabis a kowane gida nan kusa ba.

Abin da ya kamata iyali su yi

Da fari, kafin a sayar da hatsi a sayi waya, a tambaya wane sabis ne yake kamawa a garin. Waya mai 5G a inda babu 5G, aikin mai 4G za ta yi. Abin da ya fi amfani shi ne batir mai ƙarfi, da wurin layi biyu, da irin wayar da masu gyara na kusa suke da kayanta. In wayar da ke hannu tana aiki, sau da yawa canza batir ya isa. Sai dai a sani, WhatsApp da manhajojin banki sukan daina aiki a kan wayoyin da suka tsufa ƙwarai, saboda haka a yi hattara da tsohuwar waya mai arha.

Na biyu, kada a zuba ƙwai duka cikin kwando ɗaya. A riƙe layukan kamfani biyu dabam. A ajiye ƙaramar waya mai maɓallai a gida, gama cajinta yakan kwana da yawa, tana kuma kama sabis mai rauni. A rubuta lambobin ungozoma da mai mota da 'yan'uwa a littafi. A ajiye ɗan tsabar kuɗi domin rashin lafiyar dare. Matar da take kusa da haihuwa a ƙauyen da sabis yake yankewa, a shirya mata mota da mai rakiya tun da wuri, kada a bari sai nakuda ta tashi a fara neman tudun hawa. Mai sayarwa kuma kada ya saki kaya sai ya ga kuɗi cikin asusunsa, ba hoton rasit kawai ba.

Na uku, a tuna da yara 'yan makaranta. Tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yinta, rajistarta kuma tana bukatar lambar NIN da layin waya. A tanadi layi ɗaya domin yaron, a riƙa sa masa kati kada a rufe shi, gama ta nan saƙonnin hukumar za su zo. Mu malamai mun san yaron da ya saba da shafa gilashin waya ba lalle ya iya kwamfuta ba. Yana bukatar ya zauna gabanta ya koya kafin ranar jarrabawa.

Na huɗu, iyakar da mutane suka kafa, mutane ne za su matsar da ita. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu mai suna USPF domin kai sabis wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Muna da wakili ɗaya a Majalisar Wakilai na Kiru da Bebeji, da wani na Tudun Wada da Doguwa. Dagatai da masu unguwa, da shugabannin majami'u da na masallatai, da ƙungiyoyin manoma, suna iya haɗa kai su rubuta sunayen ƙauyukan da babu sabis da yawan mutanensu, su miƙa a rubuce, su riƙa bibiya. Wanda ya kai kuka wurin kamfani ba a share masa hawaye ba, yana iya kiran NCC kyauta a lamba 622. Inda kuma aka riga aka kafa ƙarfe, tsaronsa ya zama aikin gari duka, domin wanda ya saci batirinsa ya yanke muryar kowa.

Masana za su ci gaba da fama da zarra da zafi da batir a ɗakunan bincikensu, abin da suka samo kuma zai iso mu a hankali. Namu aikin ya fi wannan kusa: wuta mai tsayawa, igiya da ba a tsinke ba, ƙarfe a bayan dutse, da hanyar da motar mai za ta bi cikin watan Agusta. Ranar da uwa a ƙauyen bayan Riruwai za ta kira mai mota da tsakar dare daga cikin ɗakinta, kira ɗaya ya shiga, ranar ce za mu ce wayar hannu ta iso ƙasarmu.